Wata 14 a hawa na biyar: shaƙƙar da muka yi haya a Madinatu Nasr

Ƙanwar maigidana ce ta jawo wannan rubutu. Mijinta ya samu gurbin karatu a Alƙahira, za su tafi da yara, sai ta turo mini hotunan gidaje shida da wani dillali ya aiko musu ta WhatsApp, ta ce: "Yaya, ke da kika zauna a can, zaɓa mana." Na buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Labule ne masu nauyi, da kujeru masu ruwan zinare, da fitilar tsakar falo mai ƙyalli. Ko hoto ɗaya babu wanda ya nuna ƙofar shiga benen, balle mutumin da yake zama a bakinta. Na ce mata a waɗannan hotuna ba zan iya zaɓa ba, amma zan zauna in rubuta mata yadda namu gidan ya kasance, ta karanta ita da duk wanda yake shirin irin wannan tafiya da iyali.

Mun sauka a watan Satumba na 2023, mun dawo Kano a Nuwamba na 2024. Maigidan likitan ido ne, ƙarin horo ya kai shi. Ni da shi da yara uku, daga baya kuma Hajiya mahaifiyarsa ta iske mu aka yi mata aikin gwiwa, ta yi wata biyar a wurinmu. Gidan yana Hayyus Sabi' a Madinatu Nasr, wata unguwa a Alƙahira, ba nisa da harabar Jami'ar Azhar, a hawa na biyar na bene mai hawa tara. Irin wanda suke kira shaƙƙa mafrusha ne, wato sashen bene da aka zuba wa kayan ɗaki, kai dai ka shigo da akwatinka. Ɗaki uku, falo, kicin, banɗaki biyu, da baranda mai kallon titi. Ba zan faɗi sunan mai gidan ba, ba kuma zan faɗi lambar benen ba, domin akwai abin da zan faɗa a kansa wanda ba yabo ba ne.

Mun kama shi a kan fam 16,000 na kuɗin Masar a wata. Dillali, wanda su suke kira simsar, ya karɓi kuɗin wata guda, mai gida kuma ya riƙe na wata biyu a matsayin ta'amin, kuɗin da ake ajiyewa saboda ɓarna. Ɗalibanmu da suka daɗe a garin sun ce mun zo a mummunan lokaci. Yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilu na wannan shekara, iyalai masu yawa sun kwararo Alƙahira, kuma Madinatu Nasr na cikin unguwannin da suka fi nema, sai haya ta tashi. A benenmu kaɗai akwai gida biyu na 'yan Khartum. Abin da ya fi muhimmanci a takarda shi ne a kai yarjejeniyar haya ofishin Shahrul Aƙari, inda gwamnati take rajistar takardun gidaje, a buga mata hatimin tabbatar da kwanan wata, domin za a nemi ta a ofishin fasfo na Abbasiya lokacin neman iƙama, wato izinin zama a ƙasar. Namu mai gidan ya yi ta ja mana rai har mako uku, yau yana Iskandariya, gobe ba shi da lafiya. Ku sa wannan a sharaɗi tun kafin kuɗi ya bar hannunku.

Kayan ɗakin sun fi kyau a ido. Kujerun falo ba a iya miƙewa a kansu, katifu biyu sun lotsa a tsakiya har sai da muka sayi sabuwa saboda Hajiya, injin wanki kuma yana zubar da ruwa tun makon farko. Firiji da murhun gas ba su taɓa ba mu matsala ba, gas ɗin ma ta bututu yake zuwa, babu ɗaukar tukunya. Mitar wuta ta kati ce. Na'urar sanyaya ɗaki biyu ce kacal, a falo da babban ɗaki, don haka a watan Yuli duk gidan a falo muke kwana. Sanyi kuwa babu wanda ya shirya mu a kansa. Na ɗauka wanda ya saba da hunturun Kano ya gama ganin sanyi, ashe na Janairun Alƙahira daban ne, yana zama a cikin bango da tayil, cikin gida ya fi waje sanyi da rana. Bargo uku muka tarar a gidan, sai da muka ƙara biyar da hita biyu.

Da a ce iyakar abin ke nan, da na ce gida ne matsakaici mai tsada, na rufe bakina. Amma a ƙasan benen, gefen matakala, akwai ɗaki ɗaya, kuma a cikinsa akwai bawab da matarsa da 'ya'yansu huɗu.

Bawab ba maigadi ba ne irin namu, ko da yake yana gadi. Namu mutumin Sohag ne, daga Sa'id, kudancin ƙasar, inda yawancin masu wannan sana'a suke fitowa. Dogo ne, kullum cikin jallabiya da rawani, shekarunsa za su kai hamsin. Kowane gida yana ba shi wani abu a ƙarshen wata, mu fam 250 aka yanka mana, ban da ɗan abin da kake miƙa masa idan ka aike shi. Shi yake share matakala, shi yake tada injin tura ruwa zuwa sama, shi yake karɓar takardar kuɗin gas, shi ya san mai gyaran famfo na kirki da wanda zai cuce ka. Ranar da muka iso, shi da babban ɗansa suka hau da akwatunanmu goma sha ɗaya. Kafin mako ya zagayo ya riga ya san lokacin da motar makarantar yara take zuwa, kuma idan na makara a sama, zan leƙo in tarar ya tsaya da su a bakin titi yana riƙe da hannun autana. Maigidan yake kira "ya duktur", ni da farko "Madam", daga baya ya koma kirana da Ummu da sunan ɗana na fari, sunan da ni kaina ba na faɗa. Yara kuma suna ce masa Ammu.

A lokacin ana ɗauke wuta da tsari a Masar, abin da suka fara tun bazarar 2023 saboda ƙarancin gas, awa biyu a rana, a tsakiyar 2024 har ta kai uku. Ga wanda ya fito daga Najeriya wannan ba abin tashin hankali ba ne, tunda an san lokacin ɗaukewa an san na dawowa. Matsalar lifta ce. Idan wuta ta tafi kana ciki, nan za ka zauna. Bawab ya mayar da wannan aikinsa: saura minti biyar sai ya tsayar da liftar a ƙasa, ya sa kujera a ƙofarta, duk wanda ya zo ya ce masa ya bi matakala. Wata rana mun dawo da Hajiya daga ganin likita, kwana tara da aiki, cunkoson titin Salah Salim ya riƙe mu, muka iso wuta ta riga ta tafi. Rana tana dukan mota, ga tsohuwa da ɗinki a gwiwa. Ban gama tunanin abin yi ba sai ga shi da kujerar roba. Shi da ɗansa da wani saurayi ɗan Sudan na hawa na biyu suka ɗora ta, suka hau da ita hawa biyar, suna hutawa a kowane hawa, yana ta cewa "bi shwesh, ya Hagga", wato a hankali. Hajiya ba ta jin Larabcinsu, shi ba ya jin Hausa. Da suka sauke ta a falo ta kama hannun rigarsa ta ce: "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, Allah ya jiƙan mahaifanka." Ya amsa da amin kamar ya ji kowace kalma. Maigidan ya ba shi kuɗi da daddare ya ƙi karɓa, ya ce ita ma uwarsa ce.

Akwai ɓangaren da wasu ba za su so ba, gara in faɗa. Bawab ya san komai. Ya san wanda ya zo wurinka, da lokacin da ya fita, da abin da ka sayo a leda. Baƙo namiji ba ya hawa sai ya faɗi gidan da za shi. Mu wannan ya yi mana daɗi, musamman ranakun da maigidan yake kwana a asibiti, amma na ji ɗalibai samari suna kuka da nasu. Abin da ya tsaya mini a rai kuwa shi ne ɗakin nan nasa. Mutum shida a ɗaki ɗaya, girki a kan ƙaramin risho a bakin ƙofa, yara suna aikin makaranta a kan matakala, a ƙarƙashin bene mai gida goma sha takwas da duk suka dogara da shi. Na sha hawa da siyayya in wuce 'yarsa, sa'ar tawa, tana wanke motar wani. Har na baro garin ban saba da ganin wannan ba.

A barandarmu mun tarar da kwando ɗaure da doguwar igiya, na ɗauka na shanya ne. Matar bawab ce ta nuna mini amfaninsa. Sabat suke ce masa. Ka sa kuɗi a ciki ka zura ƙasa, ka kira mai shago ko mai kayan miya, ya zuba maka abin da kake so da canjinka, ka jawo. Da safe mai ful, wato dafaffen wake, yana tsayawa da kekensa a kusurwa, mai burodi yana wucewa da faranti a ka a kan keke, mai sayen tsofaffin kaya yana ta kiran "bikiya". Burodin aish baladi mai tallafin gwamnati na masu kati ne, 'yan ƙasa, kuma muna can aka ɗaga kuɗinsa daga ƙirshi 5 zuwa 20 (ƙirshi ɗari ne fam ɗaya) a watan Yuni na 2024, abin da ya zama zancen kowa a bene. Mu baƙi na kasuwa muke saye, shi ma bai yi tsada ba. Kantin magani kuma har gida yake kawowa, ko ƙarfe ɗayan dare ne. Mai kantin da ke ƙasanmu Kirista ce, Bakibɗiya, ita ta riƙa hawowa da kanta tana duba awon jinin Hajiya, ba ta taɓa karɓar ko sisi a kan hawowar ba. Ranar 7 ga Janairu, da suke Kirsimetinsu, na aika mata da cincin.

Maƙwabciyar da ta fi shiga raina ita ce dattijuwar hawa na huɗu, ƙasanmu daidai, tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu. Sanin juna da muka yi da ƙorafi ya fara. Na kaɗa miyar kuka da daddawar da na taho da ita, sai ga bawab ya hawo da kunya-kunya, ya ce Hagga ta ƙasa tana tambaya ko wani abu ya lalace a bututun kicin. Na zuba tuwon shinkafa da miyar a kwano na sauka da kaina. Ta ɗanɗana, ba ta so ba, ta kuma faɗa mini gaskiya, amma ta zaunar da ni ta haɗa shayi, muka yi hira da guntun Larabcin Islamiyya da nake da shi. Washegari kwanona ya dawo cike da mahshi, ganyen kabeji naɗe da shinkafa. A can ma ba a mayar da kwano wayam, kamar dai a gida. Kwanon nan ya yi ta hawa da sauka wata goma sha uku. Masa da dambun nama ta fi so. Daga baya na riƙa rufe tagar kicin in buɗe ta baranda duk ranar daddawa, ba ta sake magana ba.

Ita ce ta kai ni wurin attar, mai sayar da kayan ƙamshi da tsaba, a nan na ga abin da ya sa na daina jin kaina baƙuwa sosai. Karkade zoɓo ne. Tamar hindi tsamiya ce. Dom goruba ce, su jiƙa ta suke yi su sha da sanyi. Mulukiyar da suke taƙama da ita lalo ne, sai dai suna yanka shi laushi su soya masa tafarnuwa, bamiya kuma kuɓewa. Har adashe suna yi, gam'iyya suke kiransa, kuma dattijuwar nan ce uwar adashen matan bene. Ta sa ni a ciki a wata na huɗu, ni da ba 'yar ƙasa ba, ba tare da ta nemi wani ya tsaya mini ba. Da kwasata na sayi injin markaɗe da na dawo da shi.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris na 2024. Tun kafin a ga wata samarin layi suka bi gida-gida suna karɓar fam ashirin-ashirin, suka ɗaura igiyoyin takarda masu launi daga baranda zuwa baranda, suka rataye babbar fitila, fanus, a tsakiya. A ƙarshen layin aka shimfiɗa tebura, ma'idatur Rahman, inda duk wanda magariba ta riska zai zauna ya sha ruwa, ba a tambayarsa daga ina yake. Gidajen benenmu suna karɓa-karɓa wajen aika abinci, ranar da ta zo kaina na yi kunun gyaɗa a babbar kula, bai kwana ba. Kafin asuba misaharati yana zagayawa da ɗan gangarsa yana kiran sunayen yaran unguwa, bawab ya ba shi sunayen nawa, suka riƙa tashi da gudu suna leƙa baranda. Ya tuna mini da masu kiɗan sahur na unguwarmu a cikin birni muna yara. Ɗalibai mata 'yan gida da ke Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, kuma duk Juma'a suna zuwa shan ruwa wurinmu, ɗaya daga cikinsu, 'yar Damagaram, ita ta riƙa yi wa yarana tilawa har muka taho.

Ba duka ne zuma ba. Garin ba ya barci, hon ɗin mota da hayaniyar yara a titi har ƙarfe biyun dare, wanda yake da jariri ya nemi ɗakin da ba ya kallon titi. Abin da ya fi ciwo shi ne kalmomin da wasu samari suke jefa wa baƙar fata a hanya, "samara", "shokolata". Babbar 'yata ta dawo daga shago wata rana tana kuka, yaran wani layi sun bi ta da wannan kira har ƙofa. Bawab bai jira mu ba, ya bi su har gidajensu ya yi magana da iyayensu, dattijuwar hawa na huɗu kuma ta hawo ta rungume yarinyar ta ce mata ita ma jikarta ce. A layinmu abin bai sake faruwa ba. A sauran gari ya ci gaba, kuma duk mai tafiya da yara ya zauna da su ya shirya su tun daga gida. A jirgin ƙasa na metro, wanda muke hawa daga tashar Istad a layi na uku, taragon mata na tsakiya ya fi kwanciyar hankali.

Sai maganar mai gida. Ranar 6 ga Maris na 2024 aka saki fam, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a banki. Ba a yi mako biyu ba ya kira maigidana ya ce daga yanzu da dala yake so a biya shi, ko mu tashi, alhali yarjejeniyarmu ta shekara ce kuma da fam aka rubuta ta. Hatimin nan na Shahrul Aƙari shi ya cece mu, da kuma shugaban ƙungiyar mazauna bene, wani injiniya mai ritaya, wanda ya kira shi ya ce masa ba a yi wa baƙo haka a cikin azumi. Ya haƙura har shekara ta cika, sannan ya ɗora mana fam 24,000 a kan kowane wata na biyun da muka ƙara. Da muka zo tafiya ya zagaya gidan yana lissafa ɓarna, har da injin wankin da muka tarar a lalace da katifun da suka lotsa tun kafin mu zo. A cikin fam 32,000 na ta'amin, 11,000 ya mayar mana. Ba mu ɗauki hoton kayan ba ranar shiga, ba mu kuma sa ya sa hannu a kan jerin abin da ke gidan ba. Ku ku yi duka biyun, a gaban bawab.

Ga ƙanwata da ire-irenta, amsata ita ce zan sake zama a wannan bene gobe, amma ba a hannun wannan mai gida ba. Kada ku biya daga Najeriya a kan hoto. Ku sauka a masauki na mako guda, ku je ku ga gidan da rana ku koma da dare. Ku buɗe famfo a ga ƙarfin ruwa, ku kwanta a kan katifa, ku tambaya ko liftar tana da makulli kuma an biya kuɗin gyaranta. Mai tsoho ko mai ciki kada ya wuce hawa na uku. Sannan ku zauna minti goma da bawab, ku sha shayinsa, ku tambaye shi shekara nawa ya yi a nan da su wa ke zaune sama da ƙasa. Namu shekara goma sha tara ya ce mana.

Unguwar da muke a Kano sabuwa ce, katanga doguwa, get na ƙarfe, waya mai ƙaya a sama. Shekara shida muna ciki kafin tafiya, ban san sunan matar gidan da ke bayanmu ba. Mako biyu da dawowarmu na soya masa na aika yara da kwano. Ya kwana uku bai dawo ba, a na huɗu ya dawo da alkaki, da saƙon cewa in shigo idan na samu sarari. Na shiga. Ashe 'yar Gwale ce, kakarta da tawa layi ɗaya suka zauna.

Ranar da za mu bar Alƙahira jirginmu na dare ne. Bawab ya sauko da akwatunan, yanzu sun zama goma sha huɗu, matarsa ta miƙo mini leda da busasshen burodin Sa'id da mahaifiyarsa ta aiko daga ƙauye. Dattijuwar hawa na huɗu ba ta iya saukowa ba saboda ƙafa. Muna shiga mota na ji ana kira daga sama, na ɗaga kai, sai ga sabat yana saukowa daga barandarta a hankali, da kwanona a ciki, an rufe shi da tawul.